Hoto na Talatin da Shida

Duk wanda ya ce muku an kama ƙanena Kalilu saboda tawaye, ku ce masa Zinatu mai tuwo ta bakin tashar Arlit ta ce ƙarya yake yi. Kalilu ko kaza ba ya iya riƙewa a yanka, kau da kai yake yi. An kama shi ne ranar wata Litinin da la'asar, kwance rub da ciki a gindin shingen wayar kamfanin haƙar ma'adini, gindi a sama, ido a manne da kyamara, yana ɗaukar hoton inuwar waya a kan yashi. Inuwa, jama'a. Mutum mai shekara talatin da huɗu, da gemunsa da komai.

Ni na kawo shi garin nan daga Damagaram lokacin da Arlit take Arlit. A lokacin kamfani yana ɗaukar ma'aikata kamar ba gobe, kuma kowane ma'aikaci sai da karti na shaida, kowane karti sai da hoto. Kalilu ya buɗe shagonsa a bayan kasuwa, ya rataya labule mai zanen jirgin sama, mutane suna layi suna gyara kwalar riga. Ni kuma ina tuƙa tuwo tukunya uku a rana. Daga baya aka ce farashin dutsen da ake haƙowa ya faɗi a ƙasar Turawa. Mu ba mu ga faɗuwarsa ba, mun dai ga kamfani ya fara sallamar mutane ɗari-ɗari. Wanda aka karɓe wa karti me zai yi da hoto? Ga mutanen daji da fari ya cinye wa dabbobi sun cika unguwar Bukkoki. Kafin mu farfaɗo sai ga tawaye, hanyar Agadez ta koma sai da rakiyar bindiga, sau ɗaya a mako, ranar Alhamis.

Maza masu hankali suka nemi abin yi. Wani ya koma sayar da ruwa a kura, wani ya tattara ya koma Maraɗi. Ƙanena shi kuma sai ya gano bango.

Wata safiya ya tsaya a bayan rumfata ya yi shiru har na zaci ko ciki ne ke murɗa masa. Sai ya ce, "Yaya, kin taɓa kallon bangon nan?" Na ce shekara goma sha ɗaya ina jingina da shi, me ya yi? Ya ce in dubi yadda ruwan wanke-wanke ya zana layuka a jikinsa, wasu sun miƙe, wasu sun karkace sun haɗu. Na duba. Datti ne. Na gaya masa datti ne, ya ce to ai shi ma abin da ya faɗa ke nan, ya tafi ya ɗauko kyamara.

Daga ranar ba mu sake samun lafiya ba. Ya ɗauki hoton fashewar laka a tafkin da ya ƙafe. Ya ɗauki sawun tayar kamiyo, babbar motar kaya. Ya bi gidajen Bukkoki da aka yi da gangunan kamfani da aka fasa aka daddale, yana ɗaukar tsatsa inda ta ci ƙarfe ta yi zobe-zobe. Ya ɗauki haƙarƙarin jakin wani bawan Allah, jakin da ko tsayuwa da ƙyar yake yi. Kuma ba ya fita sai da sassafe ko rana ta yi sanyi, wai a lokacin haske yake kwantawa ta gefe, kowace tsaga ta sami inuwarta. Abin da ya fi ba ni haushi, ba ya ɗaukar abu gaba ɗayansa. Matsawa yake yi har hancinsa ya kusa taɓa abin, in hoton ya fito ba ka san sama ba ba ka san ƙasa ba. Na ce in ma tukunyata za ka ɗauka, ka ɗauke ta duka mana, a san tukunya ce. Ya ce in an san tukunya ce ba wanda zai tsaya ya kalle ta. Na ce to madalla, yanzu da ba a sani ba ga su nan suna ture juna a ƙofar shagonka.

Mutum ɗaya ne a duk Arlit yake zama ya kalli wannan shirme da gaske, wato Akoli. Dattijo ne cikin mutanen daji masu naɗa rawani har baki, daga wajen Gougaram, fari ya kashe masa raƙuma sai ya shigo gari ya zama mai gadin wani sito. Kullum bayan azahar yana shagon Kalilu suna dafa shayi. Sai Kalilu ya miƙa masa hoto, shi kuma ya juya shi sau biyu ya ce wannan iskar gabas ce ta yi shi, kuma ta yi kwana uku tana busawa. Ko ya ce wannan kamiyon da kaya ya wuce, tayarsa ta hagu ta gaji. Kalilu ya yi ta washe baki kamar an ba shi mata. Ni dai ina cewa Allah Ya haɗa su, mahaukaci ya sami mai fassara.

To, mako guda kafin a kama shi, an tare wata mota a hanyar Gougaram an ƙone ta. Masu kaki suna cike da fushi, ba su san wanda za su huce a kansa ba. Sai ga Allah Ya kawo musu mutum kwance a gindin wayar kamfani da kyamara.

Shugabansu a lokacin wani ne mai galo biyu a kafaɗa, ban riƙe sunansa ba kuma ba na so in riƙe, Galo Biyu nake ce masa. Daga kudu aka turo shi, bai taɓa wuce tashar mota ba sai da mutum ashirin a bayansa, amma in ka ji yana maganar daji ka rantse a bayan raƙumi aka haife shi. Ya sa aka tasa Kalilu zuwa shagonsa da bindiga, ya wanke fim ɗin da hannunsa. Hoto talatin da shida suka fito. Da na isa bariki da safiyar Talata na tarar an jera su a kan tabur, Galo Biyu yana zagaya su hannu a baya.

Ya tambaye ni, wane irin mahaluki ne zai ƙona fim guda cur bai ɗauki fuskar mutum ko ɗaya ba, in ba ɗan leƙen asiri ba? Gaskiya a nan ban ga laifinsa ba, ni ma tambayar da na shekara ina yi ke nan. Sai dai shi ya riga ya sami amsa. Fashewar lakar nan hanyoyin daji ne. Zoben tsatsa sansanoni ne. Inuwar waya kuwa shingen kamfani ne da inda za a yanke shi. Haƙarƙarin jakin ma bai tsira ba, wai jerin duwatsu ne da aka ɗauka daga sama. Na ce ranka ya daɗe, daga sama da me, ƙanena ko keke ba shi da shi. Ya ce ba aikina ba ne in san yadda suke yi. Ya ce ranar Alhamis akwai kamiyon da zai bi ayari zuwa Agadez, Kalilu yana ciki.

A nan dariya ta ƙare mini. Mun san wannan kamiyon. Mun san waɗanda suka shige shi, muna iya lissafa su da suna, amma ba mu san wanda ya dawo ba. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Yaron nan a bayana na goya shi.

Na durƙusa, ni Zinatu da ba na durƙusa wa kowa. Na ce ya ba ni mutum ɗaya daga cikin yaransa, ya ba ni hotunan, in kai shi inda aka ɗauki kowane ɗaya ya gani da idonsa. Ya yi dariya har da buga tabur. Ina jin don ya sami abin ba abokansa labari ne ya yarda. Ya ce in na nuna duka talatin da shida kafin Alhamis, in tafi da ƙanena. In ɗaya ya rage, ɗaya ya isa.

Ya haɗa ni da wani kofur mai suna Zayyadu, mutumin Tawa, ƙato mai tumbi da ciwon gwiwa, wanda tun kafin mu fita ƙofa ya fara tsine wa ranar da aka haifi mai hoto. Haka muka shiga gari, ni a gaba da hotuna a cikin zane, shi a baya da bindiga da alƙalami. Allah Ya taimake ni na san yawon ƙanena, don kullum sai ya dawo ya ba ni labarin bangon da ya gani kamar na aike shi. Muka je gidan Mairamu mai fura a Bukkoki, na ɗora hoto a jikin ganga, zobe ya hau kan zobe. Zayyadu ya sunkuya yana nishi, ya ce, "Wanga dai shi na," ya yi alama a bayan hoton. Muka je tafki, muka yi ta rarrafe a kan busasshiyar laka muna neman tsaga guda cikin tsaga dubu, har sai da na tuna Kalilu ya ce kusa da wata tsohuwar taya ya kwanta. Kafin azahar rabin kasuwa na biye da mu, kowa na ba da shawara. Waɗanda jiya suke ce wa ƙanena taɓaɓɓe, yau duk sun zama masana, har ana musu a kan ko wannan tabarmar masallaci ce ko ta mai shayi.

Jakin ne ya kusa kashe mu. Da muka sami mai shi sai ya ce ai jaki ya riga mu gidan gaskiya tun makon jiya. Na ce ina gawar? Ya kai mu bayan gari, muka toshe hanci, na ƙirga wa Zayyadu haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya da tsinke, har da wani tabo na igiya da ya fito a hoton. Ya yi alamar yana kakarin amai.

Na goma sha tara kuwa ba mu yi nisa ba. Na kalle shi na sake kallo, sai na ja kofur zuwa rumfata na kifa babbar tukunyata. Gindinta ne, da baƙin hayaƙi da duk inda na kankare da toka. Wannan shi ne abin da Galo Biyu ya ce filin saukar jirgi ne. Mata suka yi ta shewa, wata har tana cewa ashe Zinatu ba ta wanke tukunya da kyau, ga shaida a takarda. Na haɗiye, na ce ranarku ce.

Zuwa hantsin Laraba mun gama talatin da biyar. Na talatin da shida Galo Biyu bai ba mu ba tun farko, ya ce wannan nasa ne. Da muka koma ya fito da shi daga aljihun tabur, ya shimfiɗa taswira, ya ajiye shi a gefenta. Layuka uku ne masu zurfi suka gangaro daga sama suka haɗu wuri ɗaya, ƙanana da yawa sun ratsa su, ga wani ɗigo baƙi a gefe. Ya ɗora yatsa a taswira, ya nuna mini kwaruruka uku da suka haɗu a yammacin Gougaram, daidai inda aka ƙone motar. Ɗigon kuma rijiya ce. Wallahi sun yi kama. Ni kaina da na gani na kasa musawa.

Ya ce sun tambayi Kalilu tun jiya, ta hanyoyi daban-daban, ya ƙi faɗa. Sauran duka ya faɗa da bakinsa, wannan kuwa ya ce ba zai faɗa ba.

Aka bar ni na kai masa abinci. Yana zaune a wani ɗaki mai taga da sandunan ƙarfe, gefen fuskarsa ya kumbura, ido ɗaya ya rufe. Na fara da zagi, don shi na iya. Na ce kwana biyu ina rarrafe a gari ina shinshina mushen jaki saboda shi, shi kuma yana nan ya zama waliyyi mai riƙe sirrin bango. Na ce ya faɗa mini ko wace katanga ce in je in ciro ta in kawo. Ya ce, "Yaya, ba nawa ba ne da zan faɗa." Ya ƙi taɓa tuwon.

Na koma wurin Galo Biyu na roƙi in riƙe hoton a hannuna. Na fita da shi bakin ƙofa inda haske yake. A tsakanin layukan akwai wasu 'yan abubuwa farare gajeru, a tsaitsaye. Na tambaye shi mene ne waɗannan, ya ce ciyawa ce. Ciyawa, a Gougaram, a wannan shekarar. Da akwai ta ai da raƙuman mutane ba su mutu ba. Na ƙara matso da shi, sai na gane furfura ce, irin wadda take tsirowa kwana uku bayan aski. A can ƙasan hoton, a lungu, ga bakin wani ƙyalle ya ɗan shigo, ana ganin saƙarsa. Kuncin mutum ne. Kuma a duk Arlit fuska ɗaya ce ƙanena zai yarda a fasa masa ido a kanta.

Shekara da shekaru Akoli yana cin tuwona ban taɓa ganin bakinsa ba. Juya baya yake yi, ya tura loma ta ƙarƙashin amawalin rawaninsa. Su a wurinsu dattijo ya sauke amawali a gaban mutane daidai yake da ya tuɓe wando a kasuwa. Yadda aka yi Kalilu ya lallashe shi ya sauke, su biyu a cikin shago, Allah kaɗai Ya sani. Amma na san dole da alkawari aka yi.

Na mayar da hoton, na koma tagar Kalilu. Na ce a hankali, Akoli ne. Kalilu ya zabura ya kama hannuna ta tsakanin ƙarafa har sai da na ji zafi.

"Yaya, don girman Allah kada ki je. 'Ya'yansa biyu suna dutse tare da masu tawaye, kowa a Bukkoki ya sani. In ya shigo gidan nan ba zai fita ba. Ni Bahaushe ne, za su gaji su sake ni."

Na ce haka aka ce a kan Sani direba da aka sa a kamiyon, yau wata bakwai matarsa tana zuwa tasha. Ya ce ya ji, duk da haka kada in je. Na ce to, na ji, ba zan je ba. Na zare hannuna, na ɗauki kwanona, na fita daga bariki na miƙe Bukkoki ko gida ban biya ba.

Na tarar da Akoli a ƙofar bukkarsa yana fifita gawayi a ƙarƙashin buta. 'Yarsa Dassin, wadda mijinta ya rasu ta dawo wurinsa, tana gefe tana saƙa tabarma. Ya ce mini, "Zinatu, ka zauna," don shi a Hausarsa kowa namiji ne. Na zauna na gaya masa komai, da tabur da taswira da kamiyon Alhamis. Na ce abin da ake bukata kawai ya zo a ɗora hoto a gefen fuskarsa a gani, minti biyar, ya dawo gida. Na faɗi minti biyar ɗin nan sau biyu, kuma ina faɗa ina kallon butar.

Ya ajiye maficinsa. Sannan ya ce, "Yaron ya faɗi sunana?"

Na ce bai faɗa ba.

"An buge shi?"

Na ce an buge shi.

Ya zuba shayi ya miƙo mini, na sha ban ji ɗanɗanonsa ba. Sai da ya cika kofi uku kamar yadda suka saba, bai gaggauta ko ɗaya ba. Daga nan ya shiga bukka ya fito da rawaninsa na baƙin shuni mai ƙyalli, wanda yake sawa ranar salla. Ya cire wuƙar da ke damtsensa ya ajiye a kan tabarmar Dassin, ya ɗora mabuɗin sito a kai, ya gaya mata wanda za ta kai wa. Ta tambaye shi wani abu da yarensu. Ya amsa mata da Hausa, don ni in ji. Ya ce, "Hoto za a ɗauke ni in dawo." Na ga wuƙar, na ga mabuɗin, na yi kamar ban gani ba.

Da muka shiga bariki ana kiran la'asar. Galo Biyu ya sa aka fito da tabur tsakar gida, aka fito da Kalilu, yaransa suka taru don an ce musu za a yi kallo. Kalilu yana ganin wanda ke bayana sai ya zauna a ƙasa. Bai dube ni ba.

Galo Biyu ya ce to, a nuna masa Gougaram. Akoli ya tsaya a miƙe, ya sa yatsu biyu ya ja amawalin ƙasa har haɓa. Wasu daga cikin samarin suka fashe da dariya, wani ya ce ashe suna da baki. Zayyadu, Allah Ya saka masa, ya juya ya fuskanci bango. Kalilu ya rufe idonsa mai kyau. Ni kuwa na kalla, ba zan yi muku ƙarya ba. Na kalla sosai, don ina so in tabbata layukan sun cika uku. Ga su nan a kuncin hagu, sun gangaro daga gefen ido sun haɗu a gefen baki, ga ɗigon baƙi, tawadar Allah ce. Bakinsa ba haƙora sai biyu. Tsoho ne kawai. Kunya ta rufe ni har na ji kamar ni aka tuɓe.

Galo Biyu ya ɗora hoton a gefen kuncin, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya sa yatsa ya bi layin a kan fatar dattijon kamar yadda ya bi shi a taswira. Ya daɗe yana yi, ya fi minti biyar ɗina. Daga ƙarshe ya ce shi mutum ne mai cika alkawari, a saki mai hoto. Ya ce wa Kalilu daga yau in zai ɗauki hoto ya riƙa ɗaukar mutane kamar kowa. Sannan ya juya ga Akoli, cikin fara'a, ya tambaye shi daga ina yake. Akoli ya mayar da amawalinsa tukuna, ya gyara shi tsaf, ya ce Gougaram. Ya tambaye shi 'ya'ya nawa gare shi maza. Ya ce biyu. Suna ina? Akoli ya ce Allah Ya san inda suke.

Galo Biyu ya gyaɗa kai. Ya ce dama takarda ta riga ta tafi Agadez da mutum tara, kuma ba ya son ya aika takwas a yi masa tambaya. Ka ji aikin hukuma mai tsari. Ya yi mini godiya ma, wai da 'yan ƙasa duka irina ne da aiki ya yi sauƙi.

Kalilu ya fara magana, yana rantsuwa, yana cewa a mayar da shi shi. Masu kaki biyu suka kama shi suka jefo shi waje, ni ma aka turo ni, aka rufe ƙofa. Muna isa gida na zuba masa ruwa ya wanke fuska, na sa masa tuwo. Ya zauna yana kallon kwanon.

"Kin gaya masa ba zai fito ba?"

Na ce bai tambaye ni ba.

"Ni na tambaye ki."

Na ce ban gaya masa ba. Na ce kuma Akoli ya sani, ya fi ni sani, wuƙarsa ma ya bari a gida. Na ce in da za a sake, gobe ma sai in je, Kalilu ya tsane ni yana raye ya fi mini. Ya ture kwanon a hankali ya tashi ya koma shagonsa da kwana. Da safe ya je ya tsaya a bakin hanya har ayarin ya wuce. Ni ban je ba, ina da wuta a murhu. An ce Akoli yana zaune a bayan kamiyon a tsakiyar mutum takwas, rawaninsa na ƙyalli, bai waiwayo ba.

Yau shekara biyu da wata huɗu. An canza Galo Biyu, an ce ya zama Galo Uku. Kalilu yana nan da ransa da lafiyarsa, idon ma ya warke. Yana gaishe ni kullum da safe, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar gajiya, irin wadda ake yi wa matar maƙwabci. Wurin Mairamu yake sayen fura.

Dassin kuwa duk Alhamis tana zuwa tasha lokacin da ayari ke shigowa. Takan tsaya daga nesa har kowa ya sauka, sannan ta juya. Dole ta gaban rumfata take bi, ba wata hanya. Da farko ina zuba mata tuwo in miƙa, ba ta karɓa, ba ta kuma ƙi da baki, wucewa kawai take yi. Makon jiya ne ta tsaya. Rumfa cike da direbobi, ina tsakiyar yi wa wani tatas a kan ya ce miyata ta yi ruwa. Ta jira har na gama, ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Zinatu, ke kika zo kika kira shi. Har yanzu ba a gama ɗaukar hoton ba?"

Duk kasuwar Arlit an san ba a gaya mini magana in kwana da ita. Direbobin suka zuba ido suna jiran su ji abin da zan ce. Ta tsaya tana kallona, ba ta da niyyar tafiya. Na sunkuyar da kai na ci gaba da juya miyar da ta riga ta nuna.